Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabar Hukumar Arcep: A Zo a Auna Rezo a Inda Muke Kwana

Zuwa ga
Madam Laure de La Raudière,
Shugabar Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Faransa, Arcep,
Titin Gerty Archimède, Paris.

Ranki ya daɗe,

Ni Bahaushe ne ɗan Maraɗi, ina zaune a Saint-Denis, arewa da Paris, sana'ar shadda da atamfa kuma tana kai ni Lyon kusan kowane mako. Na rubuto da Hausa domin waɗanda nake magana da yawunsu su fara karantawa, su gaskata ni ko su gyara mini. Fassara ba za ta gagari ofishinki ba.

A kasuwar hatsi ta garinmu na fara sanin darajar awo. Mai gero yana da bakin yabon geronsa, mai saye yana da idonsa, amma tiya ce ke raba gardama, kuma duk ranar da aka lanƙwasa gindin tiya talaka ne ke kwana da yunwa. A harkar waya ta wannan ƙasa, tiyar tana hannunki. Orange da SFR da Bouygues Telecom da Free Mobile kowanne yana cika allunan talla da cewa rezonsa ya fi na kowa, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sabis. Mu da ke biyan kuɗi kowane wata ba mu da inda za mu kai ƙara sai wurin mai awo.

Yabon gwani ya zama dole. Tun 2017 hukumarki ta buɗe shafin Mon réseau mobile, inda mutum zai duba taswirar kamfanonin huɗu ya kwatanta. A watan Janairun 2018 aka ƙulla yarjejeniyar New Deal Mobile, wadda ta ɗora wa kowane kamfani kai rezo wurare 5,000 da gwamnati za ta zaɓa, har ƙauyukan da da ba a jin ko sallama suka samu 4G. Ke da kika wakilci Eure-et-Loir a majalisar dokoki tun 2007, kafin ki hau wannan kujera a Janairun 2021, kin san kukan mutanen karkara da kunnenki. Kowace shekara kuma ma'aikata suna zagaya ƙasa su yi gwaji sama da miliyan ɗaya, a tituna da cikin gine-gine da jiragen ƙasa. A 2020 kun ɗaga mizanin gaskiyar taswirorin kamfanoni daga kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari. Duk wannan aiki ne, kuma mun gani. Sai dai Hausawa sun ce idan kana da kyau ka ƙara da wanka.

Gani ya kori ji, shi ya sa na yi nawa gwajin. Na ɗauki wayoyi biyu, ɗaya sabuwa, ɗaya tsohuwa irin wadda yawancinmu ke riƙewa, da layuka biyu na kamfanoni daban. Na sauke manhajar nPerf, wadda kamfaninta yake can Lyon, na sayi ɗan littafi. Wata uku ina aunawa ina rubutawa: a Gare du Nord, a Château Rouge inda muke cefane, a cikin metiro layi na 13, a jirgin TGV da ke haɗa Paris da Lyon cikin awa biyu, sannan a yankin Lyon, a Part-Dieu da Guillotière da Vénissieux.

A fili, da rana, babu abin kuka. A gaban tashar Part-Dieu duka layukan biyu gudu suke kamar ruwan kwari. A metiron Paris, wanda aka gama sa wa 4G a 2020, saƙo yana tafiya ko jirgi na ƙarƙashin ƙasa. A TGV ana samun yankewa nan da can a tsakanin tuddan Burgon, wannan kuma na fahimta, domin wayar da ke gudun kilomita 300 a awa tana sakin wannan eriya ta kama waccan ba hutawa. Inda littafina ya cika da baƙin rubutu shi ne cikin ɗaki, bayan sallar isha. A ɗakina da ke bayan bene, da ɗakin da nake sauka a Vénissieux, da madafar wani gidan abinci a ƙarƙashin ƙasa inda ƙanena ke wanke-wanke, wayar tana nuna sanduna uku ko huɗu, amma hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa bai tafi ba.

Wani dare ina magana da mahaifiyata ta bidiyo, fuskarta ta daskare tana tsakiyar sa mini albarka. Na ɗauka laifin rezon Maraɗi ne, domin sau da yawa nasa ne. Sai na kira abokina da ke nan Villeurbanne, abin bai canza ba. Wani maƙwabcina kuwa, da lokacin sabunta takardar zamansa ya matso, a kan matakala ya tsaya cikin sanyin Janairu yana ɗaga waya sama, domin hoton takardunsa ya shiga kafin wa'adi ya cika. A taswira, unguwarmu tana cikin launi mafi kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na tambayi masu sani, suka bayyana mini dalili. Taswirar da muke gani kamfanoni ne ke lissafa ta da kwamfuta, hukuma kuma ta bi ta tantance a wasu wurare. Tana faɗin inda sigina ke kaiwa, amma ba ta faɗin mutum nawa ke rabon eriya ɗaya a lokaci guda. Eriya kamar rijiya take: da hantsi guga biyu ne a bakinta, da dare guga ɗari. Sannan zangon 3.5 GHz na 5G da aka yi gwanjonsa a Oktoban 2020 kan kusan yuro biliyan 2.8 yana da gudu, amma bango mai kauri da gilashin hana sanyi suna tare shi. Zangon 700 da 800 MHz ya fi ratsa gini, sai dai hanyarsa ƙarama ce. Saboda haka wayoyi biyu za su iya nuna alamar 5G iri ɗaya, alhali abin da ke shiga cikinsu ya sha bamban.

Babbar damuwata ita ce matsakaicin lissafi. Sakamakon da ke fita a jaridu ya kasa ƙasar gida uku: manyan birane masu cunkoso, matsakaitan garuruwa, da karkara. Paris da Lyon da duk kewayensu suna kwando ɗaya. Ke nan an zuba Champs-Élysées da benayen Minguettes na Vénissieux a tiya guda, an girgiza, an ce ga awo. Na san wuraren da aka yi gwaji suna nan ɗigo-ɗigo a shafinku, amma mai sharar ofis da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ba zai zauna yana bin ɗigo ba. Lambar da ya ji a rediyo ita zai riƙe ya je ya sayi layi.

Don haka ga roƙona, guda biyar.

Na farko, a fitar da sakamakon manyan birane gunduma-gunduma, a kuma raba na rana da na dare. Mutumin Vaulx-en-Velin ko Aubervilliers yana da haƙƙin sanin wane layi ne ke aiki a unguwarsu a lokacin da kowa ya dawo gida.

Na biyu, a ba saurin turawa da jinkirin amsa matsayin da ake ba saurin saukewa. Kun kyauta da kuka koma auna saukewa da matakai uku, megabit 3 da 8 da 30 a daƙiƙa, maimakon tseren wa ya fi lamba. A yi wa turawa irin wannan, a sa shi a sahun gaba. Rayuwarmu turawa ce: takardun hukuma, neman aiki a France Travail, hoton kaya zuwa ga mai saye, fuskarmu zuwa ga iyayenmu. Ɗan kai saƙon abinci a kan keke, idan manhaja ta yi jinkirin daƙiƙa kaɗan, wani ya riga shi aikin.

Na uku, a haɗa da ƙaramar waya da layi mai araha a cikin gwaji. Baƙi da yawa suna amfani da layukan kamfanonin da ke hayar rezo daga manyan huɗu, irin su Lycamobile da Lebara, saboda sauƙin kiran gida. Ya kamata mai irin wannan layi ya ga nasa sakamako da sunan da ke jikin katinsa, ya san ko abin da yake samu daidai yake da na wanda ke biyan kuɗi mai yawa a kan eriya ɗaya.

Na huɗu, masu awo su shigo inda muke kwana da inda muke aiki: gidajen haya na gwamnati, masaukin ma'aikata baƙi, ɗakunan ƙarƙashin rufi, madafai da rumbunan kaya na ƙarƙashin ƙasa. Na san akwai kira ta Wi-Fi, amma wanda waya ce kaɗai intanet ɗinsa ba shi da akwatin intanet na gida da zai jingina da shi. Idan ƙofa ake buƙata, ƙungiyoyinmu za su buɗe, har da shayi.

Na biyar, a sauƙaƙa hanyar kai kuka. Shafin J'alerte l'Arcep yana nan tun 2017, amma cikin waɗanda na tambaya a masallaci da kasuwa ban samu wanda ya taɓa jin sunansa ba. A liƙa sanarwa a tashoshin jirgin RER da shagunan sayar da kati, cikin Faransanci mai sauƙi, a kuma ba da damar aika ƙorafi da murya, domin da yawa cikinmu baki ya fi alƙalami kaifi.

Akwai kuma abin da ya wuce iyakar Faransa. Kiran da nake wa mahaifiyata igiya ce mai baki biyu, ɗaya a Saint-Denis, ɗaya a Maraɗi. Hukumar sadarwa ta Nijar ita ma ARCEP ake kiranta, kuma kuna zama tare a ƙungiyar Fratel ta hukumomin ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ofishinki ke riƙe da sakatariyarta. Siyasa tsakanin Paris da Yamai ta yi tsami tun 2023, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma ilimin awo ba na jam'iyya ba ne. Ku bar hanyoyin gwajinku a buɗe ga duk injiniyan Yamai ko Damagaram da ke son ya koya, domin wata rana manomi a Tasawa ya duba kafin ya sayi kati.

Ranki ya daɗe, littafina yana nan, da kwanan wata da sa'a da wurin kowane gwaji. Ba na da'awar ya kai aikin injiniyoyinki. Amma idan kin aiko da mai awo, zan tare shi a tashar Saint-Denis da ƙarfe tara na dare, mu hau bene tare, ya tsaya inda maƙwabcina ya tsaya, ya auna da kansa. Abin da tiya ta nuna, shi za mu karɓa.

Allah ya taya ki riƙon amana.

Naki cikin girmamawa,
Wani ɗan kasuwa, ɗan Maraɗi,
Mazaunin Saint-Denis.