Harshe da Gadon Al'ada a Afirka ta Kudu Bayan Mulkin Wariya

Gabatarwa

Ranar 24 ga Satumba ta kowace shekara ranar hutu ce a Afirka ta Kudu, wadda aka keɓe domin tunawa da al'adun da jama'ar ƙasar suka gada. A wannan rana mutumin Sotho kan yafa bargonsa ya ɗora malfarsa mai tsini, matar Ndebele ta fito da adon duwatsu, jikokin Indiyawan Durban su sa tufafin kakanninsu, a yi kiɗa, a gasa nama. Abin sha'awa ne ga ƙasar da ta shafe shekara 46 a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Sai dai idan gari ya waye aka koma aji da kotu da ofis, harshen da mafi yawan waɗannan mutane suka tashi da shi a bakin ƙofa yake tsayawa. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, ƙasar ta girmama al'adunta a biki da take da tambari, amma ba ta ba harsunanta aikin yi ba, kuma muddin ba ta yi haka ba, gyaran ɓarnar wariya bai kammala ba.

Yadda Aka Mayar da Al'ada Makami

Jam'iyyar National Party ta fararen fata ta hau mulki a 1948. A 1950 ta yi dokar da ta kasa jama'a gida-gida bisa launi: farare, baƙaƙe, da masu gaurayen jini, daga baya aka ƙara Indiyawa. Baƙaƙen kuma ta sake rarraba su bisa harshe, ta yanka musu yankuna goma. KwaZulu na masu jin Zulu ne, Transkei da Ciskei na masu jin Xhosa, Bophuthatswana na masu jin Tswana, haka dai har goma. Huɗu daga ciki ma an ce an ba su 'yancin kai tsakanin 1976 da 1981, 'yancin da babu ƙasar waje da ta amince da shi. Manufar ita ce a wayi gari babu baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu, kowa ɗan yankin ƙabilarsa ne. Hujjar da gwamnati ta riƙa kafawa kuwa ita ce wai kare al'adar kowa.

Makaranta ma ba ta tsira ba. Dokar ilimin baƙar fata ta 1953, wadda Hendrik Verwoerd ya jagoranta, ta sa a koyar da yara da harshen uwa a firamare, amma da manhajar da aka tsara domin fitar da leburori da barorin gida. A 1974 aka umarci a koyar da wasu darussa, ciki har da lissafi, da harshen Afirkans. Wannan umarni ya fito da ɗaliban Soweto kan titi ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. Daga nan Afirkans ya zama harshen azzalumi a idon baƙar fata, karatu da harshen uwa ya zama tarkon da aka ɗana masa, Turanci kuwa ya zama ƙofar fita.

Abin da Sabuwar Ƙasa Ta Yi

Bayan zaɓen 27 ga Afrilu, 1994, gwamnatin Nelson Mandela ta zaɓi ta haɗa gadon kowa wuri ɗaya. Tsarin mulkin 1996 ya ayyana harsuna 11 a matsayin na hukuma, a 2023 aka ƙara harshen bebaye ya zama na 12. Taken ƙasa na 1997 ya haɗa waƙar da Enoch Sontonga ya tsara a 1897 da wani ɓangare na tsohon taken fararen fata, ana rera shi da harsuna biyar: Xhosa, Zulu, Sotho, Afirkans da Turanci. Ita kanta ranar 24 ga Satumba asalinta ranar tunawa da Sarki Shaka ce a KwaZulu, aka mayar da ita ta kowa da kowa bayan jam'iyyar Inkatha ta ƙi yarda a yar da ita. An sauya sunayen garuruwa, Pietersburg ta koma Polokwane, Port Elizabeth ta koma Gqeberha a 2021.

Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki. Ƙasar da aka yi zaton yaƙin basasa zai cinye ta, ta sami alamomin da jama'arta za su taru a ƙarƙashinsu. To amma akwai ishara a cikin tambarin ƙasa na shekarar 2000. Kirarin da ke jikinsa, mai kira ga mabambantan jama'a su haɗa kai, an rubuta shi da harshen Xam na mutanen San, harshen da ya riga ya mutu. Girmama harshe a jikin tambari abu ne mai sauƙi, domin ba ya bukatar malami ko littafi ko kasafin kuɗi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa kashi 24.4 cikin ɗari na mutanen ƙasar Zulu suke yi a gida, kashi 16.3 Xhosa, kashi 10.6 Afirkans, Turanci kuwa kashi 8.7 kacal. Duk da haka, a 2017 shugabannin kotuna suka tsayar da Turanci a matsayin harshen da za a riƙa rubuta bayanan shari'a da shi. Ma'ana, mutumin da ake tuhuma zai yi bayani da Zulu, amma abin da za a ajiye, wanda kotun ɗaukaka ƙara za ta duba, shi ne abin da tafinta ya faɗa. A makaranta kuwa, yawancin yaran baƙar fata da harshen gida suke karatu daga aji ɗaya zuwa uku, a aji huɗu a juya su zuwa Turanci, alhali ɗan da ya tashi da Turanci ko Afirkans zai iya tafiya da harshensa har jarrabawar kammala sakandare. Binciken PIRLS na 2021 ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari na yaran aji huɗu ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi da kowane harshe. Yaron da bai ƙware a karatu da harshen da yake ji ba, shi ake cewa ya koyi kimiyya da harshen da bai iya ba.

Hujjar Masu Ja

Masu goyon bayan Turanci suna da hujjojin da suka cancanci a saurara. Iyaye da dama su da kansu suke zaɓar wa 'ya'yansu Turanci, domin da shi ake samun aiki, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Suna kuma cewa a birni irin Johannesburg aji ɗaya kan tara yara masu harsuna biyar ko shida, sannan fifita harsunan ƙabilu na iya farfaɗo da iyakokin da wariya ta shata.

Tsoron gaskiya ne, amma laifin dokar 1953 yana cikin manhajarta da manufarta da ƙarancin kuɗin da aka ware mata. Amsa mafi ƙarfi kuwa tana cikin tarihin Afirkans kansa. Harshe ne da aka daɗe ana yi wa kallon gurɓataccen Holanci na madafa, wanda ya tsiro a bakin bayi da mutanen Khoikhoi da Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Wasu daga cikin rubuce-rubucensa na farko da haruffan Larabci Musulmin Cape Town suka yi su, wato ajami, kamar littafin Bayanud Din na Abubakar Effendi da aka buga a Istanbul a 1877. Sai a 1925 ya zama harshen hukuma, amma cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba aka koyar da likitanci da shari'a da shi a jami'o'i irin su Stellenbosch da Pretoria. Abin da ya kai shi nan shi ne hukumar da ta zuba kuɗi a ƙamusu da ƙirƙirar kalmomi da horar da malamai. Har wa yau, mafi yawan masu jin Afirkans a gida ba farare ba ne, abin da ke nuna cewa akwatunan da wariya ta zuba al'adu a ciki ƙarya ne tun asali.

Kammalawa

Akwai alamun motsi. Tun 2014 Jami'ar KwaZulu-Natal ta wajabta wa sababbin ɗalibanta kwas na harshen Zulu, kuma daga 2025 ma'aikatar ilimi ta fara faɗaɗa koyarwa da harshen uwa tare da Turanci zuwa aji huɗu, bayan gwajin da aka yi a lardin Eastern Cape. Wannan ita ce hanyar da ta dace, in har an bi ta da littattafai da malamai, aka kuma kai ta kotu.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Zinder tun 1973, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Abin da ya sami Afirka ta Kudu ya nuna cewa ayyanawa a takarda matakin farko ne kawai. Shekara 30 bayan ta rubuta harsuna 11 a tsarin mulkinta, ɗan Zulu da ɗan Venda suna jiran ranar da za su rubuta jarrabawar lissafi ta ƙarshen sakandare da harshen da suka fi ji.