ZAUREN 'YAN MATA: Hutun Amarci A Bakin Teku, Wa Zai Biya?

Cikin wasiƙun da suka zo min a wannan watan akwai ta wata ƙanwata da ta gama sakandare bana, an sa ranarta da wani saurayi da ke kan inji a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Ta ce ƙawarta ta auri ɗan wani mai kamfanin fata a Chalawa, ana gama biki ya ɗauke ta zuwa wani gari wai shi Alanya a ƙasar Turkiyya, tun daga ranar kuwa hotuna suke shigo mata a waya har barci ya ƙaurace mata. Tambayarta ita ce, laifi ne idan ita ma ta ce sai an kai ta?

To ƙanwata, bari mu fara leƙa garin tukuna, don kada a ce Anti ta hana ku abin da ba ku sani ba.

Alanya tana kudancin Turkiyya ne a gaɓar Bahar Rum. Daga nan gida sai kin sauka a Santambul, ki sake hawa wani jirgin na awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Antalya, sannan mota ta ɗauke ki tafiyar kamar awa biyu, teku a damanki, duwatsu da gonakin ayaba da lemo a hagunki. Abin da zai fara ɗaukar idonki shi ne wani tsauni da ya kutsa kai cikin ruwa, tsayinsa ya kai mita 250, an zagaye shi da ganuwa. Waɗanda suka kalli fim ɗin Ertugrul sun san sunan Sarki Ala'uddin, to shi ne ya ci garin a 1221, sunan garin ma daga nasa ya samo asali. A bakin tashar jiragen ruwa akwai Jar Hasumiya da ya sa aka gina a 1226, mai kusurwa takwas, tsayinta mita 33, har yau tana nan daram. Ku dubi wannan, sannan ku dubi yadda muke kallon badalar Kano tana zubewa ana ɗibar ƙasarta, amma wannan zancen wata rana ne.

Tun 2017 ba sai kin wahalar da ƙafarki ba, akwai wani ɗan keji da ke tafiya a jikin waya, ya ɗauke ki daga bakin ruwa ya kai ki saman tsaunin, in kina da jiri ki rufe ido. A ƙasa kuma akwai kogon Damlatash da aka gano a 1948, cikinsa ɗumi da laima, masu ciwon asma suna zuwa su zauna. Da magariba garin yake farkawa, fitilu ko'ina, jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna ta kiɗa, mai sayar da askirim ya miƙo miki da dogon ƙarfe, ki kai hannu ya janye, ki sake kaiwa ya juya, sai kin gaji da dariya sannan ya ba ki. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi ake sha ba madara, suna da wani abin sha wai shi ayran, nono ne tsinkakke da gishiri, duk 'yar da ta tashi da fura ba za ta yi baƙunta da shi ba.

Gaskiya wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai abin da hoto ba ya nunawa. Ƙasar Musulmi ce, za ki ji kiran sallah sau biyar, sai dai bakin ruwan cike yake da Turawan Jamus da Rasha, maza da mata kwance a rana da ɗan abin da bai kai ɗankwali ba, ga gidajen giya da rawa a buɗe har asuba. Amaryar da aka rene ta da kunya, wadda ko sunan mijin ba ta iya faɗa, ita za a kai tsakiyar wannan? Akwai dai otal-otal da ba sa sayar da giya, sun ware wa mata wurin wankansu daban, to amma sai an neme su tun daga gida, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Yanzu mu zo kan kuɗin. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ki ninka sau 12, kin sami 840,000. A wannan shekarar kuwa tikitin mutum ɗaya zuwa Santambul da dawowa ya haura miliyan ɗaya. Ke nan ko saurayinki ya shekara bai ci ba bai sha ba, bai hau ɗan sahu ba, kuɗin kujerarki kaɗai bai haɗa ba, balle tasa, balle biza da fasfo da otal da tsaraba. Ga lefe, ga sadaki, ga kuɗin haya duk suna jiransa. Kuma kun san halin da Sharaɗa da Bompai suke ciki. Iyayenmu sun ga lokacin da jiniya ke kaɗawa ma'aikata su fito kamar an tashi daga Idi, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta aka yi ta rufe masaƙu da sauran masana'antu, wasu sun koma sito. Wanda ya sami aiki a cikin waɗanda suka rage, riƙe shi yake da hannu biyu. In kika matsa masa, ɗayan biyu ne, ko ya ci bashin da za ku shekara uku kuna biya da kuɗin cefane, ko ya sa hannu a kayan kamfani a kore shi. Na uku ma akwai, ya janye jikinsa a hankali, a wayi gari an ce an ɗaga biki.

Ita ma ƙawar taki, ki tambaye ta daga ina kuɗin ya fito. Kasuwannin Alanya cike suke da shagunan jakunkuna da rigunan fata, tana shafa su tana jin daɗi. Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Chalawa ana lodinsu zuwa Italiya da Sifen, waɗanda ke tsaye cikin wari da ruwan magani daga safe zuwa dare samarin wasunku ne, kuma ba su suke zuwa hutu ba. Ban ce ta yi laifi ba, arzikin mijinta ne, Allah ya ƙara. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba amare ba ne, 'yan makaranta ne. Wani ya tsaya da mota a bakin get ya ce zai kai ki Turkiyya ki huta, ko wata hajiya ta ce ki kawo fasfonki za ta sama miki biza da aiki a otal. Ƙanwata, ranar da fasfonki ya shiga jakar wani a ƙasar da ba kya jin yarensu, ba ki da lambar kowa, to sai abin da ya ga dama. Duk wadda aka yi wa irin wannan tayin ta gaya wa mahaifiyarta a ranar, kada ta bari ya kwana.

Mai son ganin ruwa kuma, Kano ba ta rasa ba. Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974, in kin tsaya a bakinsa da ƙyar za ki hango ɗaya gaɓar. Ku soya kaji, ku dama kunun aya, ku tafi da safe ku dawo kafin magariba.

Wadda kuma Allah ya hore wa mijinta, ta guji watan Yuli da Agusta, zafi da gumi da cunkoso sun yi yawa, Mayu ko Oktoba sun fi. Bakin ruwan da ake kira Kiliyofatara yana da zurfi nan da nan, taku kaɗan ƙasa ta ɓace miki, mu kuwa yawancinmu ba mu iya iyo ba, in kin ga an kafa jar tuta ko ƙafa kada ki tsoma.

A fitowa ta gaba za mu duba wasiƙar wata da uwar mijinta ta hana ta komawa makaranta. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Wassalam.