Gadar Gaya: Ikon Allah ba mafakar masu mulki ba ne

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Isa a garin Gaya zai hango Malanville ta Jamhuriyar Benin a tsallake. Gada ce ta haɗa garuruwan biyu, kuma a da ta kanta ake shigo da mafi yawan kayan da Nijar ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka datse gadar. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, amma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta bar ɓangarenta a rufe, tana zargin Benin da bai wa sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta. Har aka shiga 2025, da kwale-kwale talaka ke tsallakawa.

Cikin waɗanda rufewar ta shafa har da Kiristocin Gaya, 'yan tsiraru a gari mai rinjayen Musulmi, da dama daga cikinsu kuma danginsu na tsallaken ruwa. Addininsu ya koya musu cewa kogi da damina, sarakuna da zukatan mutane, duk a hannun Allah suke. Wannan imani na sanyaya zuciyar wanda kasuwarsa ta mutu. Matsalar ita ce yadda ake juya shi ya zama umarnin a yi shiru: Allah ne ya kawo, sai haƙuri. Wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa zai ga ba haka koyarwar take ba.

A fara da ruwa. Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, albarkar da kan zo da haɗari. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta shafi fiye da miliyan guda. Kirista ya yarda Allah ke saukar da ruwa. Amma a labarin Yusufu, da Allah ya nuna za a yi yunwar shekara bakwai a Masar, Yusufu bai naɗe hannu ba, rumbuna ya cika. Magudanar da shara ta toshe da filin da aka sayar a kan hanyar ruwa aikin mutum ne, kuma mutum za a tambaya.

Haka batun masu mulki. Akan kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa cewa daga Allah mulki yake. Gaskiya ne, sai dai a wurin ne kuma aka bayyana mai mulki a matsayin bawan Allah da aka ɗora domin alherin jama'a. Wanda aka ba amana akwai mai bin sa bahasi. Annabi Natan ya fuskanci Sarki Dauda ido da ido kan zaluncin da ya yi wa Uriya. Nebukadnezzar na Babila ya yi girman kai, ya ƙare yana cin ciyawa. Ke nan, faɗin cewa Allah ke naɗa sarki gargaɗi ne ga sarkin kafin ya zama lallashi ga talaka. Ba ƙaddara ce ta jera shinge a kan gadar Gaya ba. Mutane ne suka sa hannu a Abuja, Kwatano da Yamai.

Saura zukata. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Shugabannin Kirista sun yi kiran a yafe, wasu Musulmi kuma sun ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. Mai imani zai ce Allah ne ya taɓa zukatan, to amma ta hannun mutane ya yi. Haka a Yunin 2024, tsofaffin shugabannin Benin, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka taka har Yamai neman sulhu. Ba a buɗe gadar ba a lokacin, amma an buɗe ƙofar magana.

Wasu za su ce 'yan tsiraru ba su da bakin magana a ƙarƙashin mulkin soja, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Babu mai neman fasto ya mayar da majami'a dandalin siyasa. Abin da ake nema kaɗan ne: kada a yi wa ɗan dako da direban babbar mota wa'azin cewa yunwarsu hukuncin Allah ce. A yi wa shugabanni addu'a, a kuma gaya musu farashin buhun masara. Fastoci da limaman Gaya, Malanville da Kamba ta jihar Kebbi na iya zama a tabarma ɗaya, tunda mabiyansu kasuwa ɗaya suke ci.

Matasan da ke zagin juna a Facebook da sunan kishin ƙasa, musamman na ƙetare da ke turo wa gida kuɗi, su tuna cewa iyayensu ne ke shiga kwale-kwalen. Wanda ya yarda zuciyar sarki na hannun Allah ba shi da dalilin yanke ƙauna, ba shi kuma da uzurin yin shiru.