Suna Linzami: Dalilin da Ƙaramar Manhaja ke Neman Ikon Mai Gudanarwa

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja da harshen C, ko a Jami'ar Tamanrasset yake ko a wani shagon kwamfuta na cikin garin, yakan gamu da wani abin mamaki. Ya rubuta 'yan layuka da ba su wuce haɗa lambobi biyu ba, ya harhaɗa su, sai Windows ta liƙa wa fayil ɗin hoton garkuwa, ta dusashe allon, ta nemi kalmar sirrin mai gudanarwa. Idan daga cikin Code::Blocks ko wata manhaja ya yi ƙoƙarin kunna shi, kuskure mai lamba 740 kan fito, wanda ke nufin aikin na buƙatar ƙarin iko. Ra'ayina shi ne ɗalibi ya ƙi ba da wannan izini, ya gyara manhajar tasa, malamai kuma su sa wannan gyara cikin darussan farko.

Tushen lamarin tarihi ne. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, yawancin mutane da cikakken iko suke aiki a kwamfutocinsu, don haka kowace manhaja tana iya rubutu a duk inda ta ga dama. Da Windows Vista ta shiga kasuwa a Janairun 2007, kamfanin Microsoft ya kawo tsarin UAC, wanda ya sa ko mai kwamfutar da ƙaramin iko yake aiki sai in an tambaye shi ya amince. Sai dai akwai dubban tsofaffin manhajojin girkawa da aka rubuta kafin wannan doka, waɗanda ba su san yadda ake neman izini ba. Domin kada su lalace, aka koya wa Windows yin hasashe.

Hasashen yana aiki ne idan fayil ɗin na tsarin bit 32 ne, kuma ba ya ɗauke da takardar bayanin da ake kira manifes mai faɗin matakin ikon da yake so. A nan Windows takan duba sunansa da bayanan da ke jikinsa, kamar sunan kamfani da na manhajar. In ta ga install, setup, update ko patch, sai ta ɗauka manhajar girkawa ce, ta nema mata iko. Visual Studio kan saka manifes da kanta, amma tsofaffin nau'o'in MinGW, da ɗalibai da yawa ke harhaɗa aikinsu da su, ba sa sakawa. Shi ya sa aiki ɗaya kan tafi lafiya a wata kwamfuta, ya tsaya a wata.

Akwai abin lura ga mai karatu a Aljeriya ko Nijar, inda Faransanci ya yi kane-kane a darussan kimiyya. Kalmar installation ta Faransanci tana ɗauke da install a cikinta, saboda haka takan tayar da garkuwar. Wanda ya sa wa fayil ɗinsa suna girka ko sabunta kuwa ya wuce salin-alin, domin jerin kalmomin na Ingilishi ne. Hausawa sun ce suna linzami, ga shi ya tabbata har a cikin na'ura.

Wani zai ce ai magani ya samu, a sauya suna kawai. Wannan dabara tana aiki, amma ba ta kai ga tushen ciwon ba. Manhajar bit 32 marar manifes tana nan a idon Windows a matsayin tsohuwa. Idan ta yi ƙoƙarin rubutu a cikin Program Files, ana karkatar da rubutun a asirce zuwa wata ma'ajiya mai suna VirtualStore, ɗalibi ya yi ta neman fayil ɗinsa bai gani ba. Gyaran gaskiya shi ne a rubuta manifes, a sa matakin asInvoker, wato manhajar ta yi aiki da ikon wanda ya kunna ta, sannan a haɗa shi a jikinta da windres. Sauran matakan biyu, highestAvailable da requireAdministrator, a bar su ga manhajar da da gaske take taɓa ƙashin bayan tsarin. Harhaɗawa a tsarin bit 64 ma tana kawar da hasashen.

Mafi munin mafita ita ce kashe UAC ɗungurungum, ko sabawa da danna amincewa ba tare da karatu ba. Tamanrasset gari ne na fatauci a kan hanyar da ta taso daga Agadas ta Arlit da Assamaka da In Guezzam, kuma a irin wannan gari kwamfuta ɗaya a shago kan karɓi filashin mutane masu yawa, masu buga takardun tafiya da rasit na kaya. Hannun da ya saba amincewa da duk abin da allo ya tambaya, ranar da muguwar manhaja ta zo da irin wannan roƙo, haka zai amince mata, ya miƙa mata na'urar da takardun jama'a da ke cikinta.

Ba na ganin laifin Microsoft a kan dabarar da ta ceci tsofaffin manhajoji a 2007. Amma wanda ke rubuta sabuwar manhaja yau ba shi da hujjar barin na'ura ta yi masa duba da sunan fayil. Manifes bai wuce 'yan layuka ba, kuma ɗalibin da ya koyi rubuta shi tun shekarar farko ya koyi babbar ƙa'idar tsaro: kada manhaja ta nemi ikon da ya wuce aikinta.