Kafin ka ɗora ciwon kakarka a sitatus, nemi wannan fim ɗin ka kalla

Ga wata tambaya, ɗan uwa, ke ma 'yar uwa ki saurara. Likita ya ja manyan gidanku gefe, ya ce kakarku na da ciwon daji, kuma ya ci jiki, da wuya ta wuce wata uku. Manya suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce kada wanda ya kuskura ya faɗa mata. Kai kuma kai ne ɗan lelenta, kullum sai kun yi waya. Za ka bi manya ka kama bakinka, ko za ka tsaya kai da fata cewa haƙƙinta ne ta sani?

Wannan tambayar ce ƙashin bayan fim ɗin The Farewell, wato bankwana, wanda ya fito a 2019. Lulu Wang ce ta rubuta shi ta kuma ba da umarni. An haife ta a Beijing, iyayenta suka ƙaura da ita Amurka tana da shekara 6. Labarin kuwa na gidansu ne. A 2013 aka gano kakarta tana da ciwon daji na huhu, dangi suka ɓoye mata. Wang ta fara ba da labarin a wani shirin rediyo na Amurka mai suna This American Life a 2016, daga nan aka samu masu sa kuɗi ya zama fim. Tun a farkonsa fim ɗin yake sanar da mai kallo cewa a kan wata ƙarya da aka yi da gaske aka gina shi.

Jarumar ita ce Billi, wadda Awkwafina ta fito a matsayinta. Matashiya ce a New York mai burin zama marubuciya, kuɗin haya ma yana neman gagarar ta. Kakarta ta wajen uba, da take kira Nai Nai, tana birnin Changchun a arewa maso gabashin Chaina. Ƙanwar tsohuwar ce ta karɓi sakamakon gwaji daga likita, ta fito ta ce mata ba komai, wata 'yar inuwa ce a hoton, ba mai cutarwa ba. To amma 'ya'yan tsohuwar biyu duk suna waje, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan. Ta yaya za su taru su gan ta ba tare da ta tsargu ba? Sai aka ɗauko ɗan baffan Billi da ke Japan, wanda wata uku kacal ke nan da haɗuwarsa da budurwarsa, aka ce a yi bikinsu cikin gaggawa a Changchun. Biki a sama, bankwana a ƙasa.

Ita Billi cewa aka yi ta zauna a Amurka, don ba ta iya ɓoye damuwa ba. Hausawa ma sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ba ta ji ba, ta sayi tikiti ta bi su.

Wanda ya ji wannan zai zaci fim ɗin kuka ne daga farko har ƙarshe. Ina! Za ka yi dariya har ka ji kunyar kanka. Tsohuwar da kowa ke yi wa kallon mai jiran ajali ita ce ta fi kowa kuzari. Tana faɗa da masu abincin biki a kan wane naman ruwa aka yi alkawari, wane kuma aka kawo. Tana gyara wa ango da amarya tsayuwa wurin ɗaukar hoto, don kada baƙi su yi gulma. An kai ta asibiti, wani matashin likita da ya yi karatu a Ingila yana yi wa Billi bayanin ciwon da Turanci a gaban tsohuwar, ita kuwa ba ta jin Turanci, abin da ya dame ta shi ne ko likitan yana da aure, don ta hango wa jikarta miji. An je ziyarar kabarin kaka namiji, aka kaure da gardama a kan ko za a ajiye masa taba, alhali wai ya bar sha tun yana raye.

Mu da muka tashi da wasan jika da kaka ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Yadda Nai Nai ke kiran Billi sakarar yarinya tana tura mata abinci a baki, haka kakarka ke kiran ka angonta tana cewa ba ka kawo cefane ba, haka take kiran ki kishiya tana ɓoye miki ƙosai a ƙarƙashin faifai. Shi ya sa dariyar fim ɗin take da zafi. Kana dariya, kana kallon fuskokin da ke kewaye da teburin abinci, kowa ya ƙunshi abin da ba zai iya furtawa ba. Baffan Billi ya tashi yin jawabin godiya a wurin biki, ya fashe da kuka a gaban mahaifiyarsa, baƙi suka ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

Abin da ya sa muke ba ku shawarar kallon fim ɗin shi ne adalcin da ya yi wa kowane ɓangare. Baffan ya zaunar da Billi ya bayyana mata yadda suke kallon lamarin: ran mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, na dangi ne, saboda haka nauyin wannan labari su ya kamata su ɗauka a madadin tsohuwar. Ya kuma soke ta da cewa tana son faɗa ne don ta sauke nauyin daga kanta. Mahaifiyarta ta ce a can an yi imani tsoro ya fi ciwon saurin kisa. Ga kuma wani abu: ita kanta Nai Nai haka ta yi wa mijinta lokacin da ya kwanta ciwon ajali, ba ta faɗa masa ba sai dab da ƙarshe.

Amma fim ɗin bai ɓoye kuɗin da ake biya ba. Akwai wurin da Billi ta fashe, ta tuna wa mahaifiyarta cewa lokacin da kakanta namiji yake jinya ba wanda ya gaya mata, tana ƙarama a Amurka. Ba ta yi masa bankwana ba, ba ta je jana'iza ba. Ta dawo ta tarar babu shi, babu gidan da ta sani. An yi ne don a kare ta, amma ga shi ta girma da tabon. Sannan ƙarya ɗaya ba ta tsayawa ita kaɗai. Ana tsakiyar biki tsohuwar ta aika a karɓo mata sabon sakamako, Billi da kanta ta zabga gudu ta tare takardar, aka je aka sauya rubutun da ke ciki. Wadda ta zo da niyyar faɗin gaskiya ita ta ƙare da taya su.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma ai mun san wannan. Ka je dubiya, ka ce ya jiki, a ce da sauƙi, ko da mutum ba ya iya ɗaga kai. Sunan ciwon daji ma ba a son kamawa. Ɗalibi yana jarabawa a wani gari, mahaifinsa ya rasu, a buga masa waya a ce jikin Baba ne ya ɗan matsa, ka taho. Mace na da tsohon ciki, a ɓoye mata rasuwar ƙaninta har sai ta sauka. Duk wannan daga tausayi da kawaici ya fito, kuma wanda ya kira shi jahilci bai san mutanensa ba. Akwai abin da babba ya hango wanda yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Duk da haka, ra'ayinmu a wannan shafi shi ne babban mutum mai hankalinsa ya fi kowa haƙƙin sanin halin da jikinsa ke ciki, in dai yana son sani. Jinkirta labarin rasuwa na awa biyar don mutum ya iso gida lafiya daban, ɓoye wa mutum nasa ciwon har ya koma ga Allah daban. Tsohon nan wataƙila akwai bashi a kansa da ba wanda ya sani, akwai amanar wani a hannunsa, akwai filin da shi kaɗai ya san iyakarsa, akwai ƙanwar da suka shekara goma ba sa ga maciji. Addini ya kwaɗaitar da wasiyya da neman yafiya, kuma sai an biya bashi ake raba gado. Rigimar gado nawa kuka gani da ta samo asali daga mutumin da ya tafi bai ce komai ba? A Najeriya ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, sai in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Dokar ta kuma ce bayanin lafiyar mutum sirri ne.

A kan wannan sirrin ne maganar ta zo kanmu, matasa. Manyanmu in sun yi kuskure, ta wajen yawan ɓoyewa suke yi. Mu namu ta wajen yawan tonawa ne. An kwantar da Hajiya da safe, kafin azahar hotonta da robar iska a hanci yana sitatus ɗin jikoki huɗu, an rubuta sunan ciwon ɓaro-ɓaro, a taya mu da addu'a. Wani ya ɗauki bidiyo a gefen gado ya sa waƙa mai taushi ya ɗora a TikTok. Wa ya tambaye ta? Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi, yau ga ta a wayar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Wani lokaci ma ba a kai ga faɗa mata ba, sai maƙwabciya ta shigo dubiya tana salati, ta ce ta gani a Facebook. Haka kuma mutum zai buɗe WhatsApp a cikin mota ya ci karo da hoton mahaifiyarsa da Innalillahi a ƙasa, don wani ɗan uwa yana sauri ya riga kowa. Haba! Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko gogewa ka yi wani ya riga ya adana.

Ita kanta Lulu Wang ba ta tsira daga wannan ba. A Changchun aka ɗauki fim ɗin, kakar tana zuwa wurin ɗauka, ba ta san ainihin labarin ba. Ƙanwar kakar ta gaskiya ita ta fito a matsayin kanta a ciki. Sunan fim ɗin da Sinanci ma'anarsa kada a faɗa mata. A ƙarshe, kamar yadda Wang ta bayyana a farkon 2020, ta hanyar sharhin fim ɗin da wata ƙawarta ta turo mata tsohuwar ta gano sirrin da aka shekara shida ana riƙewa. E, shekara shida. Wadda aka ba wata uku tana nan da ranta har fim ɗin ya fito. Kada dai wani ya ɗauki wannan hujjar cewa ɓoyewa magani ce. Abin da ya nuna kawai shi ne lissafin likita lissafi ne, rai kuwa na Allah ne.

To me ya kamata ka yi? Na farko, labarin ciwo yana da mai shi. Kafin ka ɗora komai, tambayi majinyacin, in ba ya iya magana tambayi wanda ke jinyarsa. Addu'a ba ta buƙatar hoto, ba ta buƙatar sunan ciwo. Na biyu, in an yi rasuwa, dakata sai ka tabbatar na kusa duk sun ji daga bakin mutum. Na uku, tun iyaye da kakanni suna da lafiya, nemi lokacin hira ka tambaya cikin ladabi: Hajiya, in wata rana likita ya ga wani abu, kina son a faɗa miki ko kin fi son a bar wa su Baba? Tambayar tana da nauyi a baki, amma jika ne ya fi kowa damar yin ta, don shi ke da lasisin wasa. Amsar da ta ba ka za ta raba gardama ranar da gida ya rikice. Na huɗu, in ra'ayinka ya saɓa da na manya, zauna da su ka faɗi hujjarka, ka jawo likita ko malamin da suke jin maganarsa. Kada ka kai ƙarar danginka gaban 'yan kwament, waɗanda cikin minti biyu za su yanke hukunci cewa gidanku mugun gida ne, ka yanke hulɗa da kowa. Su za su wuce zuwa bidiyo na gaba, kai za ka kwana a gidan.

Kuma ka lura da abin da Billi ta yi daidai ba tare da wata gardama ba: ta je. Ba ta da kuɗi, an hana ta, Sinancinta ma ya yi rauni, amma ta je ta zauna kusa da tsohuwar, ta ci abincinta, ta bi ta motsa jiki da safe suna ihu tare a bakin gida. Zumunci a ƙafa yake. Kiran bidiyo yana da amfaninsa ga wanda ke nesa, sai dai da yawanmu kakanninmu suna unguwa ɗaya da mu ko tafiyar awa biyu a mota, kuma rabonmu da su tun sallar bara.

Fim ɗin kansa darasi ne ga masu burin harkar fim a cikinku. Wang ta sha faɗa cewa masu kuɗi a Amurka sun ga labarin ya cika Sinanci, na Chaina kuma suka ga ya cika Amurkanci, har akwai masu son a cusa saurayi Bature a ciki. Ta ƙi. Da kusan dala miliyan 3 aka yi shi, yawancin maganar cikinsa da Sinanci, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance, kamfanin A24 ya saya, ya kawo sama da dala miliyan 20. Awkwafina ta ci kyautar Golden Globe a 2020, fim ɗin kuma ya zama gwarzo a kyautar Independent Spirit ta fina-finai masu zaman kansu. Ba bindiga, ba mugu, ba kishiya mai asiri. Gida ɗaya ne da tsohuwa ɗaya da kowa ke so, kowa da irin tasa hanyar. Irin wannan labarin yana nan jibge a gidajenmu, mai ɗauka ake jira.

Tsawonsa bai wuce minti 100 ba. Ku neme shi, ku kalla da 'yan gidanku in da hali, ku yi gardamar a falo tun ba a shiga asibiti ba. In an gama, wanda kakarsa ke raye ya shirya ya je ya gaishe ta a ƙarshen makon nan, ya riƙe mata ɗan goro ko turare, wayar kuma ta zauna a aljihu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.