Wasiƙar Zuru: Kuɗin Dara da Mai Riƙonsu

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake dawowa filin nan da ka saba ba ni. Yau da zancen kuɗi na zo, kuɗin kuwa ba nawa ba ne, abin da ya sa zancen ya yi mini nauyi ke nan.

Jama'a sun san mu mutanen ƙasar Zuru da aikin soja da noma, amma ba kowa ya san mu da dara ba. Alhali kuwa Turawan da suka rubuta littattafai a kan wasannin duniya, in sun zo kan dara, sunan Dakarkari su kan ambata. Gidajenta 30 ne, layi biyar mai gida shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Da muna yara ba inuwar da za ka wuce da rani ba ka ga an tona gidajen dara a ƙarƙashinta ba. Yanzu kuwa inuwar tana nan, masu zama suna nan, amma kowa idonsa na kan wayar hannu.

To, bara waɗansu samari biyar na garin nan suka ce tun da yara sun koma waya, bari su kai musu dara can. Suka ƙudura kuma su yi aikin a buɗe, watau rubutun da ke tafiyar da wasan ba za a ɓoye shi ba, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ba a sayar wa kowa. Ba mai biyansu, kowa da sana'arsa, da dare su ke haɗuwa. Da labari ya bazu sai 'yan uwanmu da ke Kaduna da Legas, yawancinsu tsofaffin soja, suka fara aiko da gudummawa. Samarin suka zo har gida suka ce, "Baba, kai ne ma'aji." Dalilinsu wai ni tsohon malamin makaranta ne, ba a taɓa jin kaina da kowa a kan kuɗi ba. Na ji daɗin yabon, na karɓa ban yi tunani ba.

Ga kuskurena, ba zan ɓoye shi ba. Na ba da lambar asusuna na banki, inda fanshona ke shiga, na ce a riƙa zubawa nan. Wata uku ana haka. Kuɗin jama'a su shiga, nawa su shiga, in cire na cefane, in cire na samari, banki ya cire nasa na ɗawainiya, ni kuwa duk a ka na ke lissafi. Ran nan wani dattijo cikin masu gudummawa ya zo hutu daga Kaduna, muna zaune gaban mutane ya ce, "Malam, nawa ya rage cikin kuɗin yaran nan?" Ba da wata manufa ya tambaya ba. Na buɗe baki na rasa adadin da zan faɗa. Na ce sai na duba. Wallahi ban ci kwabon kowa ba, amma na ga yadda mutum biyu suka dubi juna, daren nan kuwa ban yi barci ba. Da na karɓo takardar banki na bi ta layi layi, sai na tarar da N4,200 da na kasa gane inda suka shiga, na cika daga aljihuna. Kuɗin ba su da yawa, amma sunan da na yi shekara talatin ina tattalinsa ya kusa tafiya a kansu.

Ɗaya daga cikin samarin, da ya ga halin da na ke ciki, sai ya ba ni labarin waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya. Akwai wani wasan kwamfuta na yaƙe-yaƙen mutanen dā, sunansa 0 A.D., wanda 'yan sa kai daga ƙasashe dabam dabam su ke yi da sunan Wildfire Games. Sun fara tun 2001, suka buɗe rubutunsa ga kowa a 2009, har a 2018 suka sa daular Kush ta ƙasar Sudan cikin daulolin da a ke wasa da su. A 2013 suka yi yekuwar neman gudummawa a Indiegogo, suna neman dala 160,000 don su ɗauki mai rubuta manhaja aiki sosai. Abin da suka samu dala 33,251 ne, watau kamar kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda su ke ajiya. Kuɗinsu na hannun wata ƙungiya ta Amurka mai suna Software in the Public Interest, wadda aka kafa a 1997 don ta riƙe dukiyar masu aikin Debian, daga baya ta shiga riƙe wa waɗansu masu irin wannan aiki. Ita ba ta yin wasan, ba ta kuwa gaya musu yadda za su yi shi. Ta karɓa, ta rubuta, ta cire kashi 5 cikin 100 na ɗawainiya, in wakilin masu aikin ya nemi a biya wani abu ta biya, kāna ta bayyana lissafi a fili. Da na ji haka na ce ashe baitulmali ne, mai aiki dabam, ma'aji dabam, littafi kuma a buɗe. Samarinmu sun buɗe rubutun wasa ga duniya duka, ni kuwa na rufe lissafin kuɗinsa cikin kaina.

Mu ba mu da irin wannan ƙungiya kusa, da muka je banki kuwa aka ce ba a buɗe asusu da sunan ƙungiya sai mun kawo takardar rajista. Muna kan neman wannan. Kafin nan na buɗe asusu na biyu wanda ba abin da ke shigarsa sai kuɗin dara, aka sa saƙon banki ya riƙa zuwa wayar ɗaya daga cikin samarin, ba na cire kome sai mutum biyu sun sa hannu a littafi.

Amma fa jama'a, ajiya ita ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce, wa za a ba?

Cikin samarin nan biyar akwai guda wanda shi ke ɗauke da rabin aikin, shi ne kuma mafi ƙarancin hali a cikinsu. Wata rana ya same ni ni kaɗai ya ce, "Baba, ga kuɗi kwance, ni kuwa ina barin aikin da zan ci abinci ina yin wannan. Ba a ɗan riƙa ba ni wani abu duk wata?" Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, gama gaskiya ya faɗa. Amma na tuna yadda a ke gayya, da yadda samarin Lelna su ke golmo, su haɗu ƙungiya guda su nome gonar surukin wannan yau, gobe ta surukin wancan, shekara da shekaru. Mai gona ya kan kawo abinci da abin sha, ba wanda ya taɓa cewa ya yi laifi. To, amma ran da ya kira mutum guda gefe ya danƙa masa kuɗi don ya fi saura ƙarfin dantse, sauran za su ajiye fartanya su tsaya kallo, gama ya nuna musu cewa ƙwadago a ke yi, su kuma an bar su ba lada. Ban da wannan, tsohon sojan da ya aiko daga fanshonsa an gaya masa don dara ta shiga waya ne, ba a gaya masa albashi za a biya ba. In za a sake wa kuɗi hanya, ai shi ya kamata a fara tambaya.

Na ce wa yaron ba ni da ikon ba shi, ba ni da ikon hana shi, sai a gaban saura. Ya ji zafi, ya yi mako biyu bai zo ba, na kuwa ɗauka mun rasa shi. Da aka zauna an yi musu ƙwarai, har wani ya ce in dai za a fara biya shi ma a lissafa masa darensa. Abin da aka tsaya a kai shi ne kuɗin gudummawa su sayi abin da aiki ke ci, kamar data, da cajin kwamfuta in ba wuta, da dala 25 da Google ke karɓa sau ɗaya kafin mutum ya sa manhaja a kasuwarsu ta Play Store. Wannan shi ne abincin 'yan gayya. In kuwa akwai wani yanki na aiki mai wuya da ba mai iya yinsa a kyauta, sai a faɗi aikin da ladansa tun kafin a fara, a rubuta wa masu gudummawa, in sun yarda kowa cikin biyar ɗin na iya ɗauka. Ni a raina na so a fi haka sassauta wa yaron nan, har yanzu kuwa ban tabbata mun yi masa adalci ba. Ya dai dawo, shi ne kuma ya ɗauki aikin farko da aka sa wa lada, watau koya wa waya ta yi dara da mutum in ba shi da abokin wasa. Jiya ta cinye ni sau biyu.

Akwai sauran magana guda da ba mu gama ba, watau in aikin ya mutu, ina za a kai abin da ya rage? Waɗansu sun ce a mayar wa masu shi, waɗansu sun ce a ba wata makaranta. Masu karatu da suka taɓa riƙon kuɗin ƙungiya, ina roƙo su rubuto wa Edita yadda suka yi. Littafin lissafi kuwa yana gidana, duk Asabar ta ƙarshen wata da la'asar a kan karanta shi a zaure, wanda ya ba da ko naira 100 yana da ikon zuwa ya duba.

Naku,
Ma'ajin 'Yan Dara, Zuru.