Adireshin Ofis Ake Aunawa a Lissafin Ƙwararru

Tun da muhawarar rabon harajin VAT ta yi zafi a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon da aka gabatar, wata magana ta zauna daram a bakin masu sharhi: wai alƙaluma sun tabbatar cewa aikin ƙwaƙwalwa a Legas ake yin sa, sauran ƙasa kuwa 'yan ci-ma-zaune ne. Cikin hujjojinsu har da ɓangaren ayyukan ƙwararru da kimiyya da fasaha a lissafin arzikin ƙasa. Wannan hujja ba ta tsayuwa, domin abin da ake ɗora wa wannan adadi ya fi ƙarfinsa.

A tsarin rabe-raben sana'o'i na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke bi, ɓangaren ya haɗa lauyoyi, akantoci, injiniyoyi, masu zanen gini, safiyo, masu bincike, kamfanonin talla da likitocin dabbobi. Har aikin hedikwatar kamfanoni yana ciki. Manomi ana iya ƙirga buhunsa, amma shawarar lauya ba ta hawa sikeli, saboda haka sai a ɗauki kuɗin da aka biya shi, a cire abin da ya kashe wajen aikin, ragowar a kira ta gudummawarsa. Ke nan lauyan da ya ja shari'ar fili shekara goma yana karɓar kuɗi ya fi wanda ya sasanta 'yan'uwa a zama ɗaya daraja a littafi. Sannan a ina ake rubuta kuɗin? Injiniya zai yi wata shida yana awon ƙasa a bakin madatsar ruwa a Jigawa, rana na dukansa, ma'aikatansa 'yan garin, amma takardar neman biya daga Ikoyi ko Maitama za ta fito, can kuma za a biya haraji. Duk lissafin jihohi da ya jingina da littattafan kamfanoni da bayanan haraji, adireshin nan zai bi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ƙiyasta binciken gwamnati. Ƙa'idar lissafi ta ce aikin da ba a sayarwa a kasuwa ana auna shi da abin da aka kashe masa, galibi albashi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ta samo asali tun 1922, ta fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da ake shukawa a faɗin Arewa, kuma a 2019 aka amince da wakenta SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso. Cibiyar Vom ta jihar Filato tun 1924 take aikin rigakafin cututtukan dabbobi. A littafi, darajarsu ba ta wuce albashin ma'aikata da makamantansa. Ƙarin amfanin da aka girbe da shanun da suka tsira duk noma da kiwo ake rubuta wa, mai binciken ya tashi a tutar babu. Idan gwamnati ta tsuke musu kuɗi, sai adadin ya ragu, a dawo a ce yankin ba shi da ƙwararru.

Za a ce ai ma'aunin duniya ne, kuma babu wanda ya fi shi. Gaskiya ne, amma shi kansa yana sauyawa da zarar an gyara hanyar tattara bayanai. A Afrilun 2014, a zamanin shugabancin Dakta Yemi Kale, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take kwatance da ita daga 1990 zuwa 2010, sai arzikin Najeriya na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, ɓangaren ayyuka ya haura rabin jimilla. Babu ofis ɗaya da aka buɗe a daren. Abin da ba a gani da ne aka gani. An sake irin wannan gyara a 2025. Adadin da ke iya tsalle haka a matakin ƙasa, ina ga na jihohi, inda bayanan suka fi ƙaranci?

Za kuma a ce ko an gyara, Legas za ta ci gaba da zama kan gaba. Haka ne, kuma duk ɗan Arewa da ya fake da kuskuren lissafi don kauda kai daga ƙarancin makarantu da ƙwararru, kansa ya cuta. Sai dai girman tazarar shi ne ake kafa hujja da shi a muhawarar rabon kuɗi, shi masu zuba jari ke dubawa, don haka dole a san shi daidai. Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba: a wajabta wa kamfanoni bayyana jihar da aka yi kowane aiki da yawan ma'aikatansu a kowane reshe, hukumomin ƙididdiga na jihohi kuma su shiga gari su ƙirga safiyo da akanta da likitan dabbobi masu zaman kansu, a riƙa buga wannan ƙidaya tare da adadin kuɗin.